Valda Kalve, Wadda Ta Sake Zana Rafi A Kan Gishiri

Da hantsin ranar Talata, 11 ga watan Maris, ina tsakar gida ina shanyar kaya, wayar 'yarki Inga ta shigo. Ta ce, "Anti Coralie, Mama ta tafi." Ta ce da asuba ne, a asibitin Northam, tana riƙe da hannunki. Shekarunki tamanin da uku. Na ƙarasa shanyar, sannan na taka zuwa rumfar askin tumaki inda mijina Merv yake gyaran ƙofa, na gaya masa. Ya ajiye guduma, ya zauna a kan buhun ulu.

Tun Kirsimeti likita ya gaya mana zuciyarki ta gaji. Amma sanin abu daban, zuwansa daban.

Jaridun Perth sun riga sun rubuta nasu. Sun kira ki babbar mai zane, sun lissafa wuraren da aka rataye ayyukanki. Ni ban san waɗannan abubuwa ba. Ni maƙwabciyarki ce, shinge ɗaya ya raba gonarmu da taki shekara talatin da ɗoriya, kuma abin da na gani da idona shi zan faɗa.

Kin zo Merrabin a ƙarshen shekarun 1980, cikin wata tsohuwar mota da aka ɗaure wa katakai a kai, ke da kare da akwatunan fenti. Kika sayi tsohuwar gonar Pascoe, wadda babu manomin da ya ko taya ta, domin gishiri ya riga ya cinye rabinta. Mu nan mun san yadda abin yake tafiya. Iyayenmu sun sare daji sun shuka alkama, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya rasa mai shan sa, ya taso ya taho da gishiri. Wuri sai ya fara da damshi, ciyawa ta ƙone, ƙasa ta yi fari fat, 'yan itatuwan da aka bari su mutu a tsaye. A mashayar gari aka yanke hukunci cewa ko dai an cuce ki, ko kuma hankalinki bai cika ba. Da na kai miki kek na maraba, na tambaye ki cikin dabara ko wanda ya sayar miki ya nuna miki gangaren. Kika ce ai saboda gangaren kika saya, domin ba ki taɓa ganin haske irin wanda ke tashi daga gishirin nan da la'asar ba. Na koma gida na ce wa Merv na biyun ne.

Sauran labarinki gutsure-gutsure na same shi, domin ba mai yawan waiwaye ba ce ke. An haife ki a Latbiya ana tsakiyar yaƙi. Mahaifinki ya fita bai dawo ba. Kun yi shekaru a sansanin 'yan gudun hijira a Jamus ke da mahaifiyarki, sannan jirgin ruwa ya sauke ku a Fremantle, aka kai ku sansanin baƙi na Northam kina 'yar shekara takwas. Garin da kika fara kwana a ƙasar nan, a nan kika cika. Kin koyar da zane a wata makarantar sakandare a Perth, kin yi aure, kin haifi Inga, auren ya mutu. Da Inga ta kama aiki ta tsaya da ƙafarta, sai kika tattara kika taho mana.

Zanenki ba irin wanda muka saba da shi ba ne. Mu a nan zane shi ne hoton rumfa da injin jan ruwa da tumaki uku, wanda ake ratayewa a falo ya dace da labule. Ke kuwa sararin samaniyarki ja ne ko ruwan goro, itatuwanki suna murɗewa kamar masu ciwon ciki, fentin a jibge da kauri har mutum na iya jin sa da yatsa. Wani lokaci da burushi kike yi, wani lokaci da wuƙar kicin, wani lokaci da tafin hannu, kuma kikan kwaɓa fentin da ƙasar gona da gishirin kansa. Mutanen birni suna da dogon suna da suke kiran wannan salo da shi. Ni dai da na tambaye ki abin da ya sa kika yi wa mataccen itace ja alhali kowa ya san fari ne, kika ce mai son farin itace ya leƙa taga ko ya ɗauki kyamara. Ke abin da itacen ya yi miki a ƙirji kike zanawa.

Dole in yi maganar Merv, kuma da izininsa nake yi. Da na tambaye shi ko in rage wani abu, cewa ya yi in sa duka, ai kin riga kin tona shi tun tuni.

A shekara ta uku da zuwanki gishiri ya ƙetaro shinge ya shiga filinmu na gangare, filin da mahaifin Merv ya share da hannunsa, wanda ya fi kowane fili ba mu alkama. Merv ya haƙa magudanai, ya canja iri, ya kawo jami'an gona. Farin bai tsaya ba. Sai ya fara yin shiru. Dama ba mai magana ba ne, amma wannan shirun daban yake. Ya daina zuwa kallon ƙwallon gari ranar Asabar, ya daina gyara gemu, abinci sai ya tsakuri cokali biyu ya ture. Kowace la'asar zai tuƙa a-kori-kura zuwa gangare, ya kashe inji a gindin matattun itatuwa, ya zauna a bayan motar yana kallon ƙasa har rana ta faɗi. A shekarun nan mun binne manoma biyu a gundumarmu, waɗanda aka ce hatsari ne ya same su wajen goge bindiga. Na ɗauki tamu na kai gidan yayana, na ce yana son harbin zomaye. Merv ya ga gurbinta a bango, bai tambaya ba.

Kowa a gari ya ga halin da yake ciki. A kanti mata sukan tambaye ni yaya Merv, in ce lafiya lau, su ce madalla. Haka muke a nan. Ke kuma kina daga ƙetaren shinge da allon zanenki kowace la'asar, mun ɗauka itatuwa kike zanawa.

A watan Satumba, ranar bikin baje kolin amfanin gona, aka rataye zanenki a ɗakin taro, tsakanin teburin kek da na ulu. Tsayinsa ya kai ƙofa. Mutum ne zaune a bayan mota, fuskarsa koriya shar, hannuwansa jajaye, manya fiye da kansa, a ajiye kan gwiwa ba su da abin yi. Itatuwan bayansa kamar suna kururuwa, fari kuma yana hawowa daga ƙasa har ya kai masa ƙwauri. Babu suna a jiki, fuskar ma ba ta yi kama da ta kowa ba. Amma hular tasa ce, zaman nasa ne. Duk wanda ya shigo sai ya tsaya, sannan ya waiga ya nemi inda nake. Kev Harrop, shugaban kwamitin bikin, ya sa aka juya zanen ya fuskanci bango kafin azahar, amma an riga an gani.

Washegari Merv ya gyara gemu, ya sa riga mai tsabta, ya ce zai je gidanki. Na bi shi, domin ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba, nawa ran ma a ɓace yake. Muka same ki a baranda kina shan sigari.

Ya ce, "Wa ya ba ki izini?"

Kika ce, "Babu. Nan na yi kuskure, Mervyn, ya kamata in tambaye ka. Amma da na tambaya da ka hana."

"Kin mai da ni abin kallo a gaban gari."

"Gari ya shekara yana kallonka. Ni kaɗai ce na ce na gani."

Ya faɗa miki maganganun da ba zan rubuta ba, kika bar shi ya gama. Ina tsaye ina jin kunya, ina kuma lura da cewa na yi watanni ban ji ya yi magana mai tsawon haka ba. Da ya yi shiru kika ce zanen nasa ne, ya ƙona shi ko ya rufe akurkin kaji da shi, duk ɗaya ne a wurinki. Amma kin san irin ciwon da ke damunsa, domin mahaifiyarki ta yi shi har ta mutu ba wanda ya kira sunansa. Kika ce akwai likita a Northam mai ganin masu irinsa, kuma ranar Alhamis za ki je sayen fenti, akwai wuri a mota.

Ban san abin da ya sa ya yarda ba. Wataƙila faɗan ne ya buɗe wani abu. Ranar Alhamis dai ya shiga motarki. Duk wanda ya taɓa shiga motarki ya san abin da ke nan: kina tuƙi kina kallon gajimare, kina nuna wa mutum abu da hannu biyu. Da yamma ya dawo da magani a aljihu, ya zauna a kicin, ya ce mini, "Coralie, a kwanar gadar nan na gane ashe ina son raina." Ya yi dariya, ni kuwa na fita wajen tanki na yi kukana.

Ciwon bai tafi a ranar ba. Ya ɗauki shekaru, kuma har yau yakan leƙo wani lokaci. Amma daga ranar ya samu suna, ana kuma faɗinsa a gidanmu. A makon da ya je wurin likitan Kev Harrop da kansa ya zo wai aron sarƙa, ya zauna da Merv a rumfa har rana ta karkata, ya tafi bai ɗauki sarƙar ba. Bayansa wasu suka biyo, kowa da abin da ya zo aro.

Ba ki bar Merv ya huta ba. Kika ce kina da wani zane da ya fi ƙarfin ƙyalle, kina neman mai tarakta. Kafin a sare daji akwai rafi da ya ratsa gangaren gonakinmu biyu. Garma ta shafe shi, gishiri ya rufe. Kina so ki sake zana shi a inda yake, amma da tsirrai masu rai: itacen gishiri mai ganye ruwan toka, da jar ciyawar nan da ke fitowa a bakin tafkunan gishiri, da irin itatuwan turare masu jurewa a gefe. Merv ya ce idan gyaran ƙasa ake so, jami'an gona sun ce a dasa layi-layi. Kika ce ai layi-layin ne ya kawo mu nan.

Kafin a sa garma kika ce sai an je wajen Anti Glad. Anti Glad dattijuwar ƙabilar Noongar ce, danginta suna wannan ƙasa tun kafin a kawo tunkiyar farko, kuma mahaifiyarta ta yi zango a bakin rafin tana yarinya. Kika je gidanta da baƙin burodinki mai tauri, wanda kike kai wa duk wanda kike girmamawa. Ta ce burodin ta yafe, amma za ta zo. Sharaɗinta ɗaya ne, kada a sa kwaɗo a ƙofar gangaren, domin 'ya'yanta da jikokinta su shiga duk lokacin da suka ga dama ba tare da sun tsaya neman izini ba. Rabin ƙofar na Merv ne, kuma mahaifinsa ba zai taɓa yarda da haka ba. Merv ya ce ya ji. Har yau babu kwaɗo.

Ta zo da sandarta ta taka gangaren, ta nuna inda rafin ya bi. Merv ya ce a'a, mahaifinsa ya nuna masa, ta arewa da nan ya bi. Suka tsaya a tsakiyar gishiri rana na dukansu suna musu. Tana ce masa, "Ɗana, ubanka ai jiya ya zo." Yana ce mata, "Anti, shi fa ya cike rafin, ya san inda ya cike." Ke kina zaune a kan kifaffen bokiti kina sauraro. Da suka gaji kika ce a yi duka biyun. Shi ya sa rafin ya rabu biyu a tsakiya ya sake haɗewa a ƙasa, abin da masu zuwa daga birni suke ta fassara ma'anarsa har yanzu.

Dashen farko ya mutu gaba ɗaya, domin a kwance muka dasa, gishiri ya ƙone saiwar. A shekara ta biyu Merv ya ja kunyoyi da garma, muka dasa a kan tudu don ruwan sama ya wanke gishirin. Suka kama, suka yi kyau, sai zomaye da kangaru suka cinye. A mashaya wurin ya samu suna, lambun mahaukaciya. Na tuna safiyar da muka tsaya a kan kunyoyin da aka cinye, na ɗauka za ki ce a haƙura. Kika duba sama da ƙasa, kika ce zanen da ba a taɓa gogewa ba ba zane ba ne, a nemo wayar shinge.

A shekara ta uku dashen ya kama. Daga nan duk lokacin da ruwan farko ya sauka a watan Mayu sai a ƙara wa rafin tsawo. 'Yan makaranta suka fara zuwa, da matan coci, da jikokin Anti Glad, har da waɗanda suka raɗa wa wurin suna. Ke kina tsaye a kan dutsen da ke saman gangaren da jan ƙyalle a sanda, kina nuna wa Merv inda zai lanƙwasa, kina yi masa tsawa idan ya miƙe da yawa. Shi kuma yana ƙorafi cewa tsohuwar nan ta mai da taraktarsa burushi. Ban taɓa ganin ya makara ba ko sau ɗaya.

Ba zan ce kin warkar da ƙasa ba, domin da kina nan da kin ƙaryata ni a gaban mutane. Gishiri yana nan. Filin gangare bai sake ba da alkama ba, ba kuma zai sake ba. Abin da ya faru shi ne farin ya daina hawa ta wajenmu. Tsuntsaye suka dawo, korayen aku da ƙananan nan masu shuɗin kai. A shekarar babban fari, lokacin da maƙwabta ke loda tumakinsu a mota suna rabuwa da su, namu da na Kev sun rayu a kan ganyen rafin har ruwa ya sauka. Wanda kuma ya hau dutse a watan Afrilu zai ga ja da toka da kore sun lanƙwasa a kan fari daga shingenki har bakin tafki, kamar an ja burushi sau ɗaya ba a ɗaga hannu ba.

Wani matuƙin jirgin feshi ne ya ɗauki hoton rafin daga sama, hoton ya yi yawo, mutanen birni suka fara zuwa. Wasu daga cikinsu suka kawo shawarar a kewaye wurin, a fitar da tumaki domin suna ɓata gefen, a gina dandamalin kallo. Kika ba su shayi, kika ce tumakin abokan aikinki ne, su ke gyara gefen, dutsen kuma ya daɗe yana aikin dandamali ba a biya shi ba. Duk mai son gani ya zo ya gani, ya dai rufe ƙofa idan zai fita.

Zanen Merv kuwa bai ƙona shi ba. Ya jingine shi a rumfar aski yana fuskantar bango, ya yi shekaru haka, wata rana na shiga na tarar ya juyo da shi. Masu aski suna rataye hula a kusurwarsa. Da aka yi babban nunin ayyukanki a Perth aka nemi aronsa, ya ce sai dai ya kai shi da kansa. Ya sa kwat ɗin da ya yi aure da shi, ya tsaya kusa da zanen. Wata mata mai tabarau tana yi wa ƙawarta bayanin abin da mutumin ke wakilta, ya taɓa ta ya ce shi ne, kuma ba abin da yake wakilta, ba shi da lafiya ne a lokacin, yanzu da sauƙi.

Hali zanen dutse. Ba waliyyiya ba ce ke, kuma ba za ki so a ce haka ba. Kin yi wata shida ba kya ga-maciji da fasto a kan launin da aka yi wa bangon coci. Kin gaya wa 'yata, ana saura mako guda bikinta, cewa rigar da ta zaɓa ta mai da ita kamar mai jinya. Duk tukunyar da na ara miki da fenti take dawowa, in ta dawo. Amma lokacin da mahaifiyata ta rikice da tsufa, ta daina gane ni, ke ce kike zuwa gidan tsofaffi kowace Laraba da fenti da takarda. Ba ki taɓa tambayarta ko ta tuna ki ba. Sai ki sa mata burushi a hannu ki zauna. Matar da ta yi shekara sittin ba ta yarda ɗigon miya ya taɓa mata teburi ba, na shiga na same ta da shuɗi har gwiwar hannu tana dariya. Ajinki na Asabar kuma, wanda kika fara don yara, a ƙarshe gwauraye da zawarawa suka fi yawa a cikinsa, ba ki taɓa korar kowa ba, ba ki kuma taɓa yabon zanen da bai yi ba.

A shekarun ƙarshe tsakiyar ganinki ya tafi, sai gefe-gefe. Kika daina tuƙi, gari ya yi ajiyar zuciya. Zane dai ba ki daina ba, sai ma kika ƙara wa ƙyallen girma, kika ajiye burushi kika koma hannu. Inga ta so ki koma wajenta a Perth, kika ce a can za ki makance gaba ɗaya. Kowace Lahadi bayan coci Merv yakan ɗauke ki ya kai ki gindin dutse, ya riƙe ki ku hau iya inda ƙafarki ta yarda, ya gaya miki abin da ke ƙasa. Kullum kina dawowa kina mita cewa an haɗa ki da mutumin da launi uku ya sani.

Ranar Lahadin ƙarshe mun je asibiti. Kin rame ƙwarai, amma bakin yana nan. Kika tambayi Merv yaya rafin. Ya ce yana nan, toka-toka kamar kullum.

Kika ce, "Shekara talatin, Mervyn. Da tunkiya nake koya wa da ta iya."

Ya juya hularsa a hannu. Can sai ya ce jar ciyawar ta fara duhu, ta koma kalar hanta. Itacen gishiri da safe yana da ɗan shuɗi-shuɗi, da rana kuma kamar bayan cokali. Ya ce a reshen rafin da Anti Glad ta nuna, wajen da ruwa ke kwanciya, akwai wani launi tsakanin shunayya da ruwan ƙasa wanda bai san sunansa ba, ya tsayar da tarakta ya daɗe yana kallonsa ranar Juma'a.

Kika lumshe ido, kika ce, "To, yanzu na gani." Sannan kika tambaye shi ko ya zo da sigari. Ma'aikaciyar jinya ta ce ta ji.

An binne ki ranar Juma'a a maƙabartar Merrabin, kamar yadda kika nema. Coci bai ɗauke mutane ba, wasu a waje suka tsaya. Kev da Merv da jikokin Anti Glad biyu da jikokinki suka ɗauki akwatin. Fasto ya gaya mana wata magana da ban taɓa ji ba. Ya ce ya taɓa tambayarki ko kin yarda da Allah, kika ce masa fushi kike da Shi tun kina ƙarama, kuma ba a fushi da wanda babu shi. Ya ce duk da haka bai tuna Lahadin da kujerarki ta baya ta zauna ba kowa ba, har a watannin da ba kya yi masa magana.

Inga, ke da mijinki Tomas, da 'ya'yanku Andris da Zelma, muna yi muku ta'aziyya da zuciya ɗaya. Kun raba mahaifiyarku da mu shekaru masu yawa, kun yi ta doguwar tafiya don ku gan ta, ba mu taɓa jin kun yi ƙorafi ba. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya cike muku gurbin da ta bari da alheri. Gidanmu gidanku ne, ba sai kun buga waya ba. Muna kuma yi wa iyalan marigayiya Anti Glad ta'aziyya, da 'yan ajin Asabar, da duk mutanen Merrabin, domin rashin na kowa ne.

Valda, Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya saka miki da alherin da kika yi wa gidana, wanda ba ni da bakin biyansa. Kin je gare Shi da fushinki da tambayoyinki. Ina roƙon Ya karɓe ki da su duka, Ya zaunar da ke, Ya saurare ki har ki gama, Ya ba ki hutun da ba ki taɓa ba kanki ba. Mu kuma da muka rage, Allah Ya kyautata ƙarshenmu. Amin.

Coralie Dunstan,
Merrabin.